Tafkin da ke Bangon Mama Winifred

University Heights, Bronx, New York
Satumba, 2022

Zuwa ga Yayata Dina,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu. Ina fata kina lafiya, ke da maigidanki Nataniyel da yara. Yaya ƙafar Mama, kumburin ya saɓe kuwa? Yaya damina a Pankshin, dankali ya yi albarka bana? Ni ma lafiyata ƙalau, sai kewarku.

Kin yi ƙorafi cewa a waya ba na ce miki komai sai "lafiya lau". Da gaskiyarki. Saƙon murya kuma na san yadda kuke yi da shi, a kunna a tsakar gida har maƙwabta su sa baki. Shi ya sa na rubuta da hannuna, zan ɗauki hoton takardar in turo miki, ki karanta ke kaɗai.

Kamfanin da ke tura mu jinyar tsofaffi ya canza mini gida. Yanzu ina kula da wata tsohuwar Baturiya a Manhattan mai suna Winifred. Mama Winifred nake ce mata, tun tana hana ni har ta gaji. Ta haura tamanin, ba ta haihu ba, mijinta ya daɗe da rasuwa. Ɗan ƙanenta, Mista Conrad, shi ke riƙe da al'amuranta, yakan leƙo ranar Lahadi. Idonta ya yi rauni, da sanda take tafiya, amma hankalinta garau, bakinta kuwa ya fi na gwaggonmu kaifi. Duk da haka jininmu ya haɗu. Na dafa mata gwate, ta ce ban taɓa dafa abin kirki ba sai ranar.

Abin da ya cika falonta wani zane ne, irin hoton da ake yi da fenti da hannu a kan ƙyalle. Ya fi ƙofar cocinmu ta gida faɗi. Jeji ne tsantsa: tsaunuka da ƙanƙara a kansu, dogayen itatuwa baƙi ƙirin, ruwa na zubowa cikin wani tafki, rana na shirin faɗuwa. Ba mutum, ba bukka, ba hanya. Ranar farko na tsaya kallo har ruwan shayi ya ƙone a wuta, don gefen hagunsa kamar duwatsun bayan gidanmu in an ɗauke ruwan sama.

Ta ba ni labarinsa. Kakan kakarta wani basarake ne a ƙasar Scotland, Lod Kelmoor, mai gonaki da talakawan da ke masa noma. Sama da shekara ɗari da hamsin ke nan ya tsallako Amurka farauta, da barori da karnuka da babban ɗansa, har da wani mai zane da ya ɗauka don ya zana masa namun dajin da zai harbe. Can yamma, a bakin wannan tafki, zazzaɓi ya kashe ɗan. Suka binne shi, suka ɗora farin dutse. Lod ya ce da mai zanen ya manta da namun daji, ya zana masa wurin, kada kuma ya sa ɗan Adam ko ɗaya, ko da mutanen ƙasar da suka nuna musu hanya suka taya su haƙa kabari. Ta ce mutum ne mai taurin zuciya, ya kori iyalai daga ƙasarsa don ya kiwata tumaki, amma kullum safiya sai ya tsaya gaban zanen ya ɗora yatsa a kan farin dutsen nan na bakin ruwa. 'Ya'ya da jikoki suka gaji wannan ɗabi'a. Ita ma tana ƙarama ubanta ya ɗaga ta ta taɓa, kuma har yau ba ta karya kumallo sai ta dogara sanda ta je ta taɓa.

To ga abin da ke damuna. Makon jiya ina goge mata hannu na ga wani ɗan ɓawon fenti a yatsarta, bai fi ƙwayar shinkafa ba. Kin san yadda gidajen nan suke, in abu ya lalace mai aiki ake fara kallo. Ranar Lahadi na ja Mista Conrad kicin na gaya masa. Fuskarsa ta canza, ya yi ta mini godiya. Ita ban gaya mata na kai maganar ba, tun ranar kuma zuciyata ba ta kwanta ba. Ai gaskiya na faɗa, ko ba haka ba, Yaya?

Ki gaishe mini da Mama da 'yan zumuntar mata. Ubangiji ya kiyaye ku.

Ƙanwarki,
Nankling


Bronx
Nuwamba, 2022

Yaya Dina,

Ina gaishe ki da kowa na gida. Na ji daɗi da kika ce Mama ta fara takawa zuwa coci. Nan sanyi ya shigo, ganye duk ya zube.

Kin ce in kwantar da hankalina, kare kaina na yi. Da a nan abin ya tsaya da na kwantar.

Mista Conrad ya kawo masana suka duba zanen. Suka ce fentin na ɓamɓarewa, in ba a gyara ba zai lalace. Ya yi wa gwaggonsa maganar a kai shi gidan tarihi, ta ce sai bayan ranta. Sai ya dawo ta kaina. Ya ce ya riga ya gama magana da gidan tarihin, za su buga kwafinsa da na'ura a kan ƙyalle, girma ɗaya, a maida shi cikin firam ɗin da ke bango. Ya ce da idon nan nata ba za ta taɓa ganewa ba, ita ta huta, zane ya tsira. Nawa kawai in fita da ita wuni guda. Yaya, ba mugun mutum ba ne. Yana magana ina jin kamar har da hikima a ciki. Shi ne kuma mai sa hannu a takardar aikina. Na ce to.

Ranar na kai ta wurin likitan ido, daga nan na ce mu zauna a lambun bakin kogi ta sha iska. Ta yi murna kamar yarinya. Muka ci abinci a wani ɗan shago da ta ce nan mijinta ya fara kai ta. Ta ga ina rawar sanyi ta saya mini mayafin ulu, ta naɗa mini a wuya da hannunta. Duk lokacin da ta ce mu koma sai in ƙirƙiro wani abu, har wayata ta yi motsi a aljihu na ga saƙonsa cewa an gama. Da muka iso, mai gadin ƙofar gidan, Abdul-Hanan, wani mutumin Maraɗi da muke gaisawa da Hausa, ya buɗe mana ƙofa ya dube ni. Shi ya riƙe wa waɗanda suka fita da akwatin zanen ƙofa da rana.

Ni kaina da na shiga falon ban ga bambanci ba. Na ce a raina shi ke nan, Allah ya rufa asiri.

Washegari ta dogara sandarta ta je ta ɗora yatsa. Ta daɗe a tsaye. Ta ɗauke, ta sake ɗorawa, ta shafa gefe da gefe. Sai ta ce, "Nankling, dutsen ya yi santsi." Na ce, "Mama, sanyi ne ya kashe miki yatsu." Ta matsa da hancinta ta ce ƙamshinsa ma ya tafi. Na ce mura ce ke son kama ta. Ƙarya biyu kafin karin kumallo, kuma bakina bai yi ko gargada ba. Wannan ya fi komai ba ni tsoro.

Tun ranar kullum sai ta tambaye ni, kullum sai na ba ta amsa. Ta rage cin abinci. Takan zauna ta zuba wa bangon ido, sai ta juyo ta tambaye ni yau wace rana ce, in faɗa, ta ce ita ma haka ta zata, tana dai gwada kanta ne.

Mista Conrad ya ce in ƙara haƙuri, za ta saba. Ki sa ni a addu'a. Kada ki gaya wa Mama.

Taki,
Nankling


Bronx
Janairu, 2023

Yayata,

Barka da sabuwar shekara. Ki yafe mini shirun da na yi a Kirsimeti, na ga kiranki, na kasa ɗauka. Ina fata kun yi biki lafiya, yara sun sami kayansu.

Mama Winifred tana asibiti. Ƙashin ƙugunta ya karye.

Bari in faɗa miki daga farko. Kafin Kirsimeti likitanta ya zo gida duba ta. Da bakinta ta gaya masa tana jin kanta ya fara taɓuwa. Ta ce akwai abin da ta sani tun tana goye, yanzu hannunta na ce mata ba shi ba ne, barci ma ya ƙaurace mata don tunanin haka uwarta ta fara kafin ta manta sunan kowa. Ban taɓa ganin tsoro a fuskar matar nan ba sai ranar. Likitan ya juyo ya tambaye ni ko an canza wani abu a gidan kwanan nan. Ina tsaye, zanen na bayana. Na ce a'a.

Ya rubuta mata maganin kwantar da hankali. Ni nake ba ta shi, da hannuna, da ruwa a kofi. Ya sa ta barci, ya kuma sa mata jiri. Matar da ke gyara mini Turanci ta koma sai ta fara magana ta manta ƙarshenta. Ina gani, ina sane da dalili, ina cewa gobe zan kira Mista Conrad in ce a daina. Goben ba ta zo ba.

Ranar da abin ya faru da rana ne, ina kicin ina dumama mata miya, na bar ta tana gyangyaɗi a kujera. Ƙarar sandarta na fara ji a ƙasa. Na same ta kwance a gindin zanen, ta tashi ne ta sake gwadawa. Ba ta yi ihu ba. Ta kama hannuna ta ce in yi haƙuri ta ba ni wahala.

An yi mata aiki, an sa ƙarfe. Likitocin sun ce da wuya ta sake takawa da ƙafarta. Mista Conrad ya zauna a barandar asibitin ya rufe fuska yana kuka, da ya ɗago kuma abin da ya fara ce mini shi ne kada maganar nan ta fita, ba za ta gyara komai ba yanzu.

Hamdatu, 'yar Kumasi da muke haya tare, ta ga na daina cin abinci ta matsa mini har na faɗa mata. Kin san Hausarsu, ba ruwansu da "ka" da "ki". Ta ajiye ludayi ta ce, "Nankling, ƙafa ya riga ya karye, wannan ba ka iya gyara shi. Amma tsohuwa yana can yana tunani ya haukace, wannan kuwa a bakinka yake." Na san in na yi magana aikin ya tafi, wataƙila har takardar shaidar da nake nema ta karatun nas ta sami tabo. Na je coci Lahadi, aka zo cin jibin Ubangiji, na kasa miƙa hannu.

Ban san me zan yi ba. Ko kuwa na sani, tsoro nake ji.

Nankling


Bronx
Fabrairu, 2023

Yaya Dina,

Gaisuwa da fatan alheri. Na karanta amsarki har takardar da na kwafe ta a kai ta yi laushi. Ba ki zage ni ba, ba ki kuma wanke ni ba. Na gode.

Na faɗa.

Likitan na fara nema, na gaya masa ƙarya na yi masa. Ya dube ni irin kallon da ba zan manta ba, ya ɗauki waya ya ce a fara janye maganin. Na jira har hankalin Mama Winifred ya dawo daidai, sannan na je gidan jinyar da aka maida ta. Na same ta a keken marasa lafiya kusa da taga, dusar ƙanƙara na sauka. Na durƙusa a gabanta kamar yadda muke yi wa manya a gida. Na faɗa mata duka, tun daga ɓawon fenti da kicin, har lambun bakin kogi, har amsar da na ba likita.

Can ta ce, "Ashe hannuna bai yi mini ƙarya ba." Ta ɗaga yatsun nan nata tana jujjuya su, hawaye na zuba, tana ɗan murmushi. Na ɗauka sauƙi ya zo. Sai ta share fuska ta ce, "Conrad na san shi, tun yana yaro ya fi tausayin kaya a kan mutane. Ke fa? Ke ce kike wanke mini fuska kowace safiya. Kina kallon cikin idona ina tambayarki." Na buɗe baki, ta ɗaga hannu. Ta ce in tashi daga ƙasa, ba ta son wasan kwaikwayo, in kuma ja mata ƙofa.

Kafin in sauka daga jirgin ƙasa a Bronx kamfani sun kira ni sun ce iyalin ba sa buƙatata. An yi zama da ni, an rubuta mini gargaɗi, amma ba a kore ni gaba ɗaya ba. Yanzu ina wani gidan tsofaffi nan kusa da titin Concourse, aikin ya fi nauyi, ba wanda ya san sunana sosai.

Na zata in na faɗa zan ji wasai. Ban ji ba. Abinci dai ya fara shiga. Ki gaishe da Nataniyel, ki ce na gode da ayar Littafi Mai Tsarki da ya aiko.

Ƙanwarki,
Nankling


Bronx
Yuni, 2023

Zuwa ga Yayata abar ƙaunata,

Ina gaishe ki cikin sunan Ubangiji. Yaya shuka? Na ga hoton Mama a gona da fartanya, ku hana ta mana! Nan zafi ya shigo, yara na ta wasa da ruwan famfo a titi.

Makon jiya Abdul-Hanan mai gadin ƙofa ya kira ni. Ya ce tsohuwa ta dawo gida, ta sa an sauke kwafin nan daga bango, ta kuma aiko shi ya gaya mini gidan tarihi sun gama gyara sun rataye zanen, tana son zuwa, ni kuma take so in kai ta. Na ce ko dai bai ji daidai ba. Ya ce shi dai ɗan aike ne.

Na same ta a ƙofar gida cikin kekenta, ta yi ado, ta rame ƙwarai. Na gaishe ta, ta gyaɗa kai. Na tura ta muka shiga mota.

An ba zanen bango guda shi kaɗai a wani babban ɗaki, an ja igiya a gabansa. Sun wanke shi, Yaya. Sararin samaniyar da na sani ruwan ƙasa ashe shuɗi ne, ruwan kamar ka sa hannu ka ɗiba. Mutane na tsayawa suna ɗaukar hoto. Na tura ta har bakin igiyar. Ta ɗaga kai ta daɗe, na san kuma daga nan ba abin da take gani sai haske da duhu.

Ta ce in karanta mata allon da ke gefe. Na karanta. An rubuta sunan mai zanen, an rubuta cewa Lod Kelmoor mai son fasaha ne da ƙaunar daji, a ƙasa kuma an sa cewa kyauta ce daga gare ta, da cikakken sunanta. Ta yi wata 'yar dariya ta ce ashe tana da kyauta haka ba ta sani ba.

Sannan ta ce, "Yanzu ki faɗa mini abin da ke wurin. Kada ki ƙara, kada ki rage." Na fara daga tsaunuka na gangaro. Na gaya mata an fito da wasu tsuntsaye a sama da datti ya rufe. Na gaya mata akwai tsaga a kusurwar dama da ba su iya ɓoyewa ba. Ta tambayi farin dutsen. Na so in ce yana nan yadda ta san shi, kalmar har ta zo bakina. Na ce sun cike wurin da sabon fenti, ba alamar an taɓa sa masa hannu. Ta runtse ido ta ce, "To." Muka zauna har mai gadin ɗakin ya fara kallonmu.

A hanyar komawa, muna tsaye a danja, ta yi magana ba tare da ta dube ni ba. Ta ce, "Kada ki ɗauka na yafe miki." Na ce na sani, Mama. Ta ce ita ma ba ta san ko za ta iya ba, shekarunta sun yi yawa da koyon sabon abu. Sai ta ce, "Ranar Alhamis zan ga likitan ƙashi. Ke kika sa ni a keken nan, ke za ki tura shi."

Direban ya waiwayo ya dube mu. Ni kuwa na san gaskiya ta faɗa. Alhamis ce ranar hutuna. Na ce zan zo.

Ki gaishe mini da Mama ƙwarai, ki riƙe mata hannu in za ta sauka matakalar coci. Ki gaishe da Nataniyel da yara da duk mai tambayata. Ubangiji ya haɗa fuskokinmu da alheri.

Ni ce ƙanwarki,
Nankling